Barnabé Ya Rufe Gada

A garin Tournac, wanda ke bakin kogi daura da garin Salvert, an yi wani mai sayar da kyandir ana ce masa Barnabé Quillard. Gajere ne mai tumbi, bakinsa kuwa bai san gajiya ba. A zamaninsa ne sarkin Faransa ya sami wani minista da ya sa ƙasa gaba da zancen ciniki, ko'ina ana kafa masaƙu, ana sassaƙa jiragen ruwa, ana tsawwala kuɗin fito a kan kayan baƙi. Mutanen Tournac dai ba ruwansu. Albasa suke nomawa, su yi cuku, ranar Alhamis su haye gada su sayar a Salvert, su dawo da tukwane da ƙusa da garin alkama, tun da gidan niƙa ma a can yake.

Sai ƙaddara ta kai Barnabé Paris. Kyandir ya raka, amalanke guda, na wani attajiri mai kai kaya gidan ministan. Kwana uku ya yi a tsakar gidan, tsakanin barga da ɗakin girki, yana jiran a sa masa hannu a takarda. A rana ta uku ya ji wasu magatakarda biyu suna cin burodi suna hira a kan dakali. Ya kasa kunne ya ɗebi rabin zancen, ya zubar da rabin rabin a hanya, ya iso gida da sauran, haɗe da wata tsohuwar hular gashi irin ta manya da ya saya a gwanjo.

Tun daga ranar shagonsa ya zama majalisa.

"Ni da minista haka muka zauna, gwiwa da gwiwa," in ji shi. "Ya ce, Barnabé, don Allah gaya mini gaskiya, ina muka kuskure a ƙasar nan?"

Matarsa Perrine na daga ciki tana narka kitse. Ta ce, "Maigida, ni dai abin da ka gaya mini shi ne doki ya taka ka a bargarsa."

"Dokin minista ne, Perrine. Ba kowa yake takawa ba."

A shekarar aka rasa mai son kujerar magajin gari, domin ba komai cikinta sai tara haraji da shan zagi. Barnabé ya ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba, aka kuwa ba shi. Ranar Lahadi, da aka fito daga coci, ya sa aka kafa masa ganga a tsakiyar kasuwa, ya hau, ya gyara hular gashi.

"Jama'ar Tournac! Kun san abin da ya talauta mu?"

"Haraji," in ji Inna Toinette, tsohuwar da ta fi kowa gonar albasa, ta kuma fi kowa baki in an cire magajin.

"Jahilci ne, Inna! Ku saurara. Zinaren duniya ba ya haihuwa. Kamar burodi guda yake a kan tebur, in na gutsura da yawa naka ya ragu. Arzikin gari kuwa ba komai ba ne sai zinaren da ya shigo bai fita ba. Duk luwi, wato tsabar zinare, da ya haye gadar nan zuwa Salvert soja ne da ya gudu wurin abokan gaba. Saboda haka daga yau za mu sayar musu, amma ba za mu saya ba. Ko allura!"

"To a me za mu yi girki?"

"Mu ƙera namu."

"Su kuma in ba mu sayi tukwanensu ba, ina za su sami kuɗin sayen albasarmu?"

Shekara ɗari bayan haka sai da masana suka cika manyan littattafai da wannan tambaya, suna jayayya, ana ba su kujeru a jami'a saboda ita. Toinette ko sunanta ba ta iya rubutawa, daga kan buhu ta yi ta, tana ɓare tafarnuwa. Barnabé ya yi mata dariya irin ta wanda ya ga Paris.

"Inna, wannan tambayar minista ma ya yi mini ita."

"Me ka ce masa?"

"Sirrin gwamnati ne."

Da a nan ya tsaya, da dariya za a yi a watse. Amma sai ya sa aka jawo wani ƙaton akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Ya ce kowa ya kawo luwinsa na zinare a ajiye masa a ciki, kada zuciya ta ja shi ya kashe. In kaka ta yi wakilin sarki ya zo rangadi ya ga akwatin a cike, zai rubuta wa Paris cewa ga garin da ya fahimci manufar gwamnati, a yafe masa haraji shekara goma. Ya rantse minista da bakinsa ya yi masa wannan alkawari. Jin an ambaci yafe haraji sai kowa ya kasa kunne. Kafin sati, an tone gindin murhu, an farke katifu, mutanen da suka shekara suna kukan babu sai ga su a layi da ƙulli a hannu. Aka gindaya gungume a bakin gada, Barnabé ya kafa kujera a gefensa, da sanda.

Saura masu ƙera kaya. Tournac ba ta da maginin tukwane, ba ta da maƙeri, amma tana da Fiacre, ƙanin Perrine, wanzami ɗan shekara arba'in wanda bai taɓa iya ce wa kowa a'a ba.

"Fiacre, daga yau kai ne shugaban masana'antar tukwane ta Tournac."

"Yaya, ni fa aski na iya."

"Kan mutum da tukunya duk zagaye ne. Kama aiki."

Fiacre ya haƙo laka a bayan coci, ya mulmula, ya gasa a tandun burodi. Tukunyar farko Barnabé da kansa ya kai wa Fada, limamin cocinsu, da rakiyar jama'a, aka ɗora miyar kabeji a gaban kowa don a shaida. Ruwa na soma tafasa sai gindinta ya saki. Miya ta kashe wuta, toka ta turnuƙe ɗakin, tukunya ta zauna a murhu ta koma caɓi.

Fada ya share kabeji daga takalminsa ya ce, "Ɗana, ina tukunyar?"

"Ta koma ƙasarta ta haihuwa, Fada. Tukunyar Salvert ba ta da irin wannan kishi."

Garin alkama ya ƙare a gidaje. Kai alkama gidan niƙan Salvert kuwa biyan abokan gaba ne, don haka Barnabé ya ba da doka kowa ya niƙa da duwatsun bakin kogi. Burodin ya fito toka-toka, in ka ciza sai ka ji kamar kana tafiya a kan tsakuwa. Da gunaguni ya yi yawa, sai ya ɗauki guda ya tsaya a bakin shago.

"Ku gani! Burodin 'yanci!"

Ya gartsa masa cizo. Har daga tsallaken titi aka ji ƙas. Ya tsaya riƙe da kumatu, ido na hawaye, aka ja shi wurin Fiacre, wanda ranar ce kaɗai a wata biyu aka ba shi aikin da ya iya. Barnabé ya fito da tsumma a baki yana magana ta gefe guda.

"Kun dai lura? Kuɗin cire haƙorin ma a cikin gari ya tsaya."

Alhamis ta zagayo. Mata suka haye da kwandunan albasa, da rana ta karkata suka dawo, Inna Toinette a gaba, tana tafiya a hankali, hannu a ƙugu, ciki ya yi tsini a ƙarƙashin siket. Barnabé ya miƙe ya tare ta da sanda.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ciki ne."

"Da safe kika wuce ni kamar kara! Shekararki saba'in!"

"Ikon Allah kake musu, magaji? Bari in kira maka Fada."

Ya ƙwanƙwasa da kan sanda. Cikin ya amsa, ƙwal, ƙwal.

"Cikin naki ƙara yake yi."

"Namiji ne, ƙashinsa ƙwari."

Ya leƙa bayanta, sai ga mata shida a jere, kowacce da nata cikin. Ta ƙarshensu Perrine ce, nata ma ya fi na kowa girma, har da marfi.

"Perrine! Har da ke?"

"Taya ni murna mana, maigida. Shekara ashirin muna nema."

Mutane suka fashe da dariya har wani ya faɗa cikin kwando. Abin ya ɓata wa Barnabé rai ƙwarai. Ya sa matan suka haihu nan take a kan gada, ya jera tukwane bakwai a kan gungume, ya fuskanci Salvert, ya bi su da sanda ɗaya bayan ɗaya yana fasawa.

Magajin Salvert, Odilon Varenne, shi kansa maginin tukwane ne, huɗu daga cikin bakwai ɗin hannunsa ne ya gina su. Washegari da hantsi ya zo da mutanensa da nasu gungumen, suka gindaya a ɗaya bakin gadar.

"Barnabé!" ya ƙwala kira. "Wa'azinka ya iso mana, ya kuwa shige mu. Mu ma daga yau za mu sayar, ba za mu saya ba. Riƙe albasarka!"

"Ba ka da izini! Dabarata ce!"

"Ai ka ce ta ƙasa ce gaba ɗaya."

"Ta ƙasa ce, amma ba a yi ta don kowa ya yi lokaci guda ba!"

"To wa ya kamata ya zama wawan da zai saya?"

Barnabé ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun ji ko? Tsoro ya kama su."

Albasar bana kuwa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ta cika rumbuna, ta cika zaure, har a cikin coci aka jibge buhuna a bayan benci. Da safe miyar albasa, da rana gasasshiyar albasa, da yamma albasa da cuku, cukun ma ya soma tsutsa. Da aka kwana biyu ta ƙasa ta fara ruɓewa, wari ya tashi, har matafiya suka riƙa kewaye garin ta gona. Mutane suka zo ƙofar Barnabé suna neman luwinsu ko za su je wani gari su sayo hatsi kafin sanyi ya shigo. Ya zauna a kan akwatin ya harɗe ƙafa.

"Ba mu taɓa yin arziki kamar yau ba. Ku ɗaga akwatin nan ku ji nauyi."

"Ɗiyata nauyi za ta ci?" in ji wani manomi daga baya.

"Haƙuri! Abin da muka rasa kasuwa ce, manyan ƙasashe kuwa in sun rasa kasuwa sai su kafa mulkin mallaka. Su kafa gari a hayin teku, su hana shi saye a wurin kowa sai su."

A tsakiyar kogin akwai wani tsibirin yashi, faɗinsa bai fi masussuka biyu ba, ba komai a kai sai ciyayi da kashin agwagwa. Barnabé ya raɗa masa suna Sabuwar Tournac. Ya naɗa Fiacre gwamna, ya ɗaura masa jan ƙyalle a kafaɗa, aka tsallakar da shi a kwalekwale da tuta da awaki huɗu na gari. Dokar farko ta ce mazauna Sabuwar Tournac ba za su sayi albasar kowa ba sai ta uwar ƙasa. Aka bi shi da buhu arba'in.

"Yaya, wa zai saya?" Fiacre ya yi ihu daga kan yashi. "Ni ne fa kaɗai, sai awaki!"

"Ka sa musu haraji!"

A kwana na huɗu aka kwarara ruwa a kan duwatsu, kogi ya cika da tsakar rana. Mutanen garuruwan biyu suka fito bakin gaɓa suna kallo. Sabuwar Tournac ta ragu ta koma faɗin tabarma, daga nan ta koma faɗin gwamna, wanda ke tsaye a kan buhu rungume da tuta yana kiran sunan waliyyai. Awakin suka duba hagu suka duba dama, suka faɗa ruwa suka nufi Salvert. Masuntan Salvert ne suka tsamo Fiacre, suka ba shi miya mai zafi a tukunya mai gindi, da farin burodi. Ya ci yana kuka. Da la'asar suka rako shi har gungume. Awakin kuwa Odilon ya ce sun nemi mafaka, ba zai miƙa su ba.

Barnabé ya ce wa Perrine, "Ko manyan ƙasashe sukan yi asarar jiragen ruwa."

"Su ma ƙanin matarsu suke ɗorawa a kai?"

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa wakilin sarki na tafe ranar Talata. Barnabé ya ji kamar an yi masa bushara da aljanna. Ya ce a gina dandamali a kan gada, daidai tsakiya, yadda mutanen Salvert za su gani su mutu da baƙin ciki. Ƙusa ta ƙare a gari tun tuni, sai ya mai da Fiacre maƙeri. Fiacre ya yanka tsofaffin cokula da mariƙin guga, ya daddake, ya kawo kwando guda na wasu abubuwa masu kama da ƙusa in an hange su daga nesa.

Wakilin ya iso da dogarai shida, dogo ne siriri, hanci a cikin hankici saboda wari. Bai yarda ya hau dandamalin ba, daga kan dokinsa ya tsaya. Barnabé ya hau shi da akwati, wanda ƙarti huɗu suka ɗora da ƙyar. Duk Tournac na bayansa, duk Salvert na gabansa. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci minista sau goma sha, sa'an nan ya buɗe kwaɗo uku ya ɗaga marfi. Zinare ya ɗauki ido.

Wakilin ya sauke hankici. Karo na farko ya yi murmushi.

"Magaji, wannan duk na mutanen Tournac ne?"

"Duk namu ne, ranka ya daɗe! Ko ɗaya bai haye gada ba!"

"Abin mamaki." Ya miƙa hannu magatakardansa ya ba shi wata takarda. "Shekara shida a jere garin nan na aiko mana da kuka, ƙanƙara ta kashe gona, annoba ta kashe awaki, ba ku da ko na sayen gishiri. Shekara shida ana rage muku haraji saboda tausayi. Ashe ajiya kuke yi wa sarki."

Barnabé ya yi saurin tare zancen.

"A'a, ranka ya daɗe, ba a fahimce ni ba. Ai minista ya ce in gari ya tara zinare..."

"Minista ya san ka?"

"Ƙwarai! Wato... dokinsa ya san ni."

"Kai da kanka ka ce zinare soja ne, na ji a jawabinka. To sarki na yaƙi, yana neman sojojinsa." Ya juya ga dogarai. "Ku ɗauka. Baɗi kuma a ninka musu, tun da suna da hali."

Inna Toinette ce ta fara kurma ihu, sauran suka ɗauka. Dogarai huɗu suka hau dandamali. Barnabé ya faɗa kan akwatin ya rungume, yana rantsuwa sai dai a ɗauke su tare. Nauyin ya yi wa cokulan Fiacre yawa. Aka ji wani kuka kamar na tsohuwar ƙofa, ƙusoshi suka lanƙwashe gaba ɗaya, katako ya dare. Dogarai suka riƙe akwati, domin shi aka aiko su ɗauka. Barnabé ba wanda ya riƙe shi. Ya gangara ta gefe, ƙafa a sama, ya zarce cikin amalanken ruɓaɓɓiyar albasa da aka ɓoye a gindin gada don kada baƙo ya gani. Ya nutse har wuya.

Mutanen Salvert suka yi ta tafi. Mutanen Tournac ba su yi tafi ba, albasa suka ɗiba, kowa ya ba shi rabonsa daga sama. Wakilin sarki ya mai da hankici hanci, ya juya doki, akwati na biye da shi a kan alfadari.

Kafin rana ta faɗi an jefa gungumen biyu a kogi, an kuma tuɓe magaji ba tare da an tsaya taro ba. Odilon ya yarda a ci gaba da ciniki, amma albasar da ta rage rabin kuɗi ya saya. Sanyin shekarar ya yi wa Tournac tsanani. Gidaje da yawa sun sayar da gado da kujeru kafin bazara, Inna Toinette ma sai da ta rabu da gonarta ta bakin rafi.

Barnabé ya yi sati biyu bai leƙo waje ba. Ranar Alhamis ta uku Perrine ta ajiye masa 'yan kuɗin kyandir a kan tebur.

"Tashi ka haye ka sayo mana garin alkama. Ƙafata ba za ta je ba, na gaji da amsa gaisuwar mai jego."

Ya tafi ta bayan gari, kai a sunkuye. Amma da ya dawo, ta tsakiyar kasuwa ya biyo, buhu a kafaɗa, ƙirji a gaba, yana kiran mutane su zo su ji.

"Na cuce su! Na rantse da Allah na cuce su! Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin garin alkama na biya, mutumin har rawar jiki yake yi ya ba ni. Ba su iya ciniki ba, tun farko na gaya muku. Sauran buhunan ma duk na kama, gobe za a kawo."

Perrine ta fito tana goge hannu. Ta kwance bakin buhun, ta zura hannu, ta ɗebo, ta duba. Ta ɗaga tafin hannunta sama yadda kowa zai gani.

"Dusa ce, Barnabé."

Ya dubi dusar, ya dubi jama'a. Sa'an nan ya gyara tsayuwa, ya nuna hayin kogi da yatsa.

"Na sani mana. Dusar Salvert kaf na saye. Bari mu ga abin da aladunsu za su ci bana."